Gwajin leƙa hanji ba ya nufin an gama

Labarin masu kansar babban hanji da aka gano bayan gwajin leƙa hanji da kyamara ya nuna lafiya lau ya taɓa ni sosai. Haka ta faru da yayata. An leƙa hanjinta aka ce babu komai, ba a yi shekara biyu ba ta fara ganin jini a bayan gida tana ramewa, amma ta ƙi komawa asibiti, wai ai an riga an duba. Allah Ya jiƙanta.

Binciken da aka yi a Ingila daga 2005 zuwa 2013 ya nuna kusan 7 cikin 100 na masu wannan kansa da aka leƙa hanjinsu, an yi musu gwajin da bai nuna ta ba cikin shekara uku kafin a gano ta. Sau da yawa tsiro ne shimfiɗaɗɗe a ɓangaren dama yake ɓuya wa likita, musamman idan hanjin bai wanku ba. Na tuna yayata ta kasa shanye maganin wankin cikin, rabinsa ta bari a kofi saboda tashin zuciya, kuma babu wanda ya tambaye ta. Don Allah likitoci ku riƙa tambaya, ku kuma rubuta wa mutum ko kyamarar ta kai ƙarshen hanjin.