Faifan waƙa mai makulli: ɓarawo aka kulle ko mai saye?

A farkon Nuwamban 2005 kamfanin Sony BMG ya fitar da kundin fitattun waƙoƙin Montgomery Gentry, wasu mawaƙa biyu 'yan jihar Kentucky masu salon kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka da mu a nan muka fi sani ta bakin su Don Williams da Jim Reeves. Kundin ya tattara waƙoƙin da suka yi tashe daga 1999 zuwa 2005. Sai dai ba waƙa kaɗai ke cikin faifan ba. An cusa masa wata manhaja mai suna XCP, wadda wani kamfanin Birtaniya, First 4 Internet, ya ƙera domin hana kwafa. Kafin watan ya ƙare, Sony BMG ya janye faifan daga shaguna tare da wasu kundaye, 52 gaba ɗaya.

Ni abin da ya fi ɗaure min kai a labarin shi ne irin kundin da aka sa wa makullin. Kundin fitattun waƙoƙi ai tsohon kaya ne aka yi wa sabuwar riga. Akasarin waƙoƙin sun riga sun fita shekaru a baya a kan faifai marasa makulli, gidajen rediyo sun sa su har sun gaji, kuma duk mai neman su a ɓagas ya daɗe da samun su a intanet. To, wa ake kullewa? Ba ɓarawo ba dai, domin shi ya yi gaba da kayansa tun tuni. Wanda ya rage shi ne mutumin da ya tuƙa motarsa zuwa shago, ya zaro kuɗi ya biya, wataƙila ma karo na biyu ke nan yana biyan kuɗin waƙoƙin nan. An bar jaki ana dukan taiki.

Dabarar kanta mai sauƙi ce. Idan ka sa faifan a rediyon mota ko na ɗaki, waƙa za ta tashi lafiya lau. Idan kuwa kwamfuta mai Windows ce, faifan zai buɗe kansa ya nuna maka wata doguwar yarjejeniya, irin wadda kowa ke danna "na yarda" ba tare da ya karanta ba. Daga nan manhajar ta samu wurin zama. Za ta tilasta maka sauraro ta cikin na'urar kunna waƙa ta kamfanin, ta iyakance maka kwafi uku, kuma waƙoƙin da za ta ba ka ba sa shiga iPod, wadda a lokacin ita ce na'urar sauraron waƙa da ta fi kowace kasuwa. Duk wannan mutum zai iya cewa takura ce kawai. Abin da yarjejeniyar ba ta faɗa ba shi ne manhajar tana kutsawa can cikin ƙashin bayan Windows ta ɓoye kanta, ta yadda duk fayil ɗin da sunansa ya fara da $sys$ zai ɓace wa idon mai kwamfutar, har ma da idon manhajojin tsaronsa. Masana na kiran irin wannan rutkit, kuma kafin lokacin an san ta ne a hannun masu kutse.

Wanda ya tona asirin shi ne Mark Russinovich, ƙwararre a kan cikin Windows, a ranar 31 ga Oktoban 2005. Shi ma faifan kantiri ne ya kai shi: kundin 'yan uwan nan biyu, Van Zant, da ya saya a Amazon. Yana gwada wata manhajarsa ta farautar rutkit sai ya ga abu ɓoye a kwamfutarsa, ya bi sawu har ya isa ga faifan. Da ya yi ƙoƙarin cire ta da hannu, sai ma'ajiyar faifan kwamfutar ta daina aiki. Wannan fa mutum ne da ya rubuta littattafai a kan Windows. Ina ga manomin Tennessee da ya sayi faifai don ya ji waƙa da yamma?

Ba a yi mako biyu ba masu kutse suka saki cutar kwamfuta da ke fakewa a bayan wannan labulen na $sys$. Sony BMG ya fitar da hanyar cire manhajar, amma sai ka cika fom ka ba da adireshin imel ɗinka tukuna, kuma Ed Felten da Alex Halderman na jami'ar Princeton suka gano cewa maganin ya fi cutar muni, domin yana barin ƙofa a buɗe ga kowane shafin intanet ya aiko wa kwamfutarka umarni. A tsakiyar wannan rikici ne shugaban sashen kasuwancin dijital na kamfanin, Thomas Hesse, ya shiga gidan rediyon NPR ya ce yawancin mutane ba su ma san mene ne rutkit ba, don haka me zai sa su damu. Ban taɓa jin maganar da ta fallasa tunanin wani kamfani game da abokan cinikinsa kamar wannan ba. Ma'anarta ita ce abin da ba ka sani ba, halal ne a yi maka shi.

Akwai kuma wani abin dariya da ba a cika ambato ba. Masu bincike sun gano cewa a cikin ita kanta manhajar kare haƙƙin mallakar akwai sassan wasu manhajoji na kyauta, irin su LAME, da aka ɗauka ba tare da an cika sharuɗɗan lasisinsu ba. Mai gadin da aka ɗauko don hana sata, da kayan wani ya zo a aljihu.

Amma bari in yi wa kamfanonin adalci, domin tsoronsu ba na banza ba ne. A 1999 kasuwar waƙa ta Amurka ta kai kusan dala biliyan 14.6. A shekarar ce Napster, dandalin musayar waƙa kyauta a intanet, ya bayyana, kuma ko da kotu ta durƙusar da shi a 2001, wasu sun maye gurbinsa. Zuwa 2014 kuɗin ya faɗo zuwa kusan biliyan 7. A birnin Nashville, cibiyar kantiri, akwai mutanen da sana'arsu rubuta waƙa ce kawai, ba sa hawa dandali, ba sa yawon wasa, ba sa sayar da riga mai hotonsu. Abin da suke ci shi ne ladan da doka ta yanka a kan kowane kwafi da aka sayar, wanda a 2005 bai wuce santi 8.5 a kan kowace waƙa ba, shi ma a raba tsakanin marubuta da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin. Kowane kwafin sata daga bakin irin waɗannan ake cire shi. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta kashe kasuwar faifan finafinan Hausa a Ƙofar Wambai, har masu shirya fim suka koma YouTube, ba ma buƙatar wani ya yi mana bayanin zafin abin. Mai waƙa yana da haƙƙi, kuma wanda ya kwafi aikinsa ya sayar ɓarawo ne, ko da sunan me ya kira kansa.

Inda na rabu da su shi ne a tambayoyi biyu: makullin ya yi aiki? Kuma ko da ya yi, wa ya ba su izinin sa shi a inda suka sa?

Ta farko tarihi ya riga ya amsa ta tun kafin 2005, kuma abin mamaki da faifan kantiri aka fara. A 2001 aka fitar da kundin mawaƙin kantiri Charley Pride na karrama Jim Reeves, wanda ake ɗauka a matsayin faifan farko mai makulli da aka sayar a fili a Amurka, da fasahar wani kamfani mai suna SunnComm. Ba a jima ba aka ga waƙoƙin a intanet. Wata mata a Kalifoniya kuma ta kai ƙara saboda ba a gaya mata a sarari abin da take saye ba, aka sasanta a 2002 bisa sharaɗin a riƙa rubuta gargaɗi a jikin kwalin. A 2002 ɗin ne aka gano cewa wani makullin ana karya shi da alƙalamin maka, a ja layi a gefen faifan, shi ke nan. A 2003 Halderman, yana ɗalibi, ya nuna cewa sabon makullin SunnComm ana tsallake shi ta hanyar danne maɓallin Shift lokacin sa faifan. Kamfanin ya yi barazanar kai shi kotu, daga baya ya janye. Kamfanin Philips ma, wanda shi da Sony suka ƙirƙiro faifan CD tun asali, ya ce irin waɗannan faifai sun saɓa ƙa'ida, bai kamata su ɗauki tambarin CD ba.

Dalilin faɗuwar ba ya buƙatar digiri. Faifan dole ne ya yi waƙa a tsohuwar rediyo, don haka dole sautin ya kasance a buɗe. Kuma mutum ɗaya tak ake buƙata a duniya ya kwafa ya ɗora a intanet. Daga ranar, mai kwafin sata yana da waƙa mai shiga kowace na'ura, mai kwafin halal kuwa yana da wadda ke ƙin shiga iPod ɗinsa kuma take lalata masa kwamfuta. Kamfani da kansa ya mayar da kayan sata ya fi na gaskiya inganci. Ban san wata kasuwa da aka taɓa rayawa ta haka ba.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Stewart Baker, wani babban jami'i a ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka, ya tunatar da kamfanonin a lokacin cewa fasahar tasu ce, amma kwamfutar ba tasu ba ce. Nan ne iyakar. Wanda ya sayar maka da buhun shinkafa ba shi da hurumin biyo ka gida ya canza kwaɗon ɗakin ajiyarka, ya riƙe mabuɗi, wai don kada ka ɗiba wa maƙwabci. XCP kuwa har saƙo take aikawa kamfanin duk lokacin da aka kunna faifan. Ɗaya manhajar da Sony BMG ya yi amfani da ita, MediaMax, wadda ke kan faifai kusan miliyan 20, tana shiga kwamfuta tun kafin ka amsa yarjejeniyar, kuma ko ka danna "ban yarda ba" tana nan daram. Wannan ya wuce kare haƙƙi.

Hukuncin da ya biyo baya, a ganina, bai kai girman laifin ba. Babban lauyan jihar Texas na lokacin, Greg Abbott, ya maka Sony BMG a kotu ranar 21 ga Nuwamban 2005, wasu jihohi suka bi sahu. A sasancin ƙarar gamayya, mai faifan XCP ya samu sabon faifai mara makulli, da zaɓi tsakanin dala 7.50 haɗe da sauke kundi ɗaya kyauta, ko kuma sauke kundi uku. A farkon 2007 hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta tilasta wa kamfanin biyan har dala 150 ga wanda kwamfutarsa ta lalace. Faifai kusan miliyan 4.7 aka buga da XCP, fiye da miliyan 2 sun riga sun shiga hannun mutane. Da wani matashi ne ya dasa irin wannan manhaja a kwamfutoci masu yawan haka, ba maganar dala 7.50 za a yi ba, maganar shekarun gidan yari za a yi.

Su ma mawaƙan asara suka yi, alhali ba su ne suka zaɓi makullin ba. An kwashe faifansu daga kanti ana dab da kasuwar Kirsimeti, lokacin da aka fi sayen irin wannan kundin don kyauta, kuma a shafin Amazon fushin masu saye a kan sunan mawaƙi yake sauka, ba a kan wani manaja da ba wanda ya san fuskarsa ba.

Bayan haka manyan kamfanoni sun daina sa wa faifan CD makulli. Kamfanin waƙa na EMI ya fara sayar da waƙoƙi a buɗe a 2007, shagon iTunes ya cire nasa makullin gaba ɗaya a 2009. Abin da ya dawo da kuɗi cikin kasuwar daga baya ba kwaɗo ba ne, sauƙi ne: Spotify da ire-irensa sun sa biyan kuɗi ya fi neman na sata sauƙi. Sai dai kada a ɗauka makullin ya mutu. Wuri ya sauya. A 2008 Microsoft da Yahoo da Walmart kowanne ya sanar zai rufe na'urorin da ke tabbatar da lasisin waƙoƙin da mutane suka riga suka biya, wanda ke nufin waƙar da ka saya ba za ta bi ka zuwa sabuwar kwamfuta ba. Sai da aka yi ca a kansu suka sassauta. Yau ma waƙar da ka sauke a manhajar sauraro tana kulle, ranar da kuɗin watanka ya ƙare ko yarjejeniyar kamfanin da mawaƙin ta watse, ta tafi.

Wannan ban ƙi shi ba idan haya ce aka kira ta haya. Abin da na ƙi shi ne a rubuta "saya" a kan maɓalli alhali aro ake ba ka. Jihar Kalifoniya ta yi doka da ta fara aiki a Janairun 2025, wadda ta hana shagunan intanet amfani da kalmar saye ga kayan dijital sai sun bayyana a fili cewa lasisi ne kawai mai iya ƙarewa. Najeriya kuwa, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta haramta karya makullin fasaha, wato ta kula da ɓangaren mai kaya. Ɓangaren mai saye ne ya rage, kuma aikin hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ne ta tilasta wa duk mai sayar da waƙa ko fim ko littafi ta manhaja ya rubuta, da harshen da mai saye zai gane kuma kafin ya biya, a kan na'ura nawa kayan zai yi aiki, me manhajar za ta dasa a wayarsa, da abin da zai faru da kuɗinsa ranar da kamfanin ya rufe.