Kullen Kaduna: kowane ƙarin wa'adi na buƙatar tasa hujjar

Ranar 26 ga Mayun 2020, kwana biyu bayan Ƙaramar Sallah, Mataimakiyar Gwamna Dakta Hadiza Balarabe ta sanar da cewa an ƙara mako biyu a kan dokar kullen korona a Jihar Kaduna. An kafa dokar ne ranar 26 ga Maris, aka sabunta ta na kwana 30 ranar 26 ga Afrilu, sannan aka sake ƙarawa a watan Mayu. An ɗan sassauta, domin an ce daga 1 ga Yuni za a riƙa buɗe gari kwana uku a mako. Amma azumi gaba ɗayansa ya wuce mana a kulle, ba tarawihi a masallaci, ba tafsiri, ba Idi.

Ina cikin waɗanda suka goyi bayan rufe gari a watan Maris, kuma har yau ina nan a kan ra'ayina. A lokacin wata ɗaya kacal ke nan da samun mai cutar na farko a Legas, wuraren gwaji a ƙasar ba su taka kara sun karya ba, kuma kowa na kallon yadda asibitocin Italiya suka cika suka batse. Kaduna ta riga Gwamnatin Tarayya, wadda sai ranar 30 ga Maris ta rufe Legas da Ogun da Abuja. Kwana biyu da kafa dokar, gwamnan lokacin, Nasir El-Rufa'i, da kansa ya fito ya ce ya kamu. Da aka shiga Afrilu kuma muka ji irin mace-macen da aka yi a Kano, aka dawo da almajirai gida, gwaji ya nuna da dama daga cikinsu na ɗauke da cutar. Duk mai adalci ya san gwamnati ba don jin daɗi ta rufe gari ba.

To amma kafa doka daban, sabunta ta daban. A watan Maris hujjar gwamnati ita ce ba a san abin da ke tafe ba, a tsaya a shirya. Wannan hujja ce mai ƙarfi, sai dai tana da wa'adi. Bayan wata biyu, abin da ya kamata mu ji shi ne: ga gadajen da muka tanada a cibiyar killace masu cuta ta Kakuri da sauran wurare, ga yawan gwajin da muke iya yi a rana, ga adadin da in masu kamuwa suka sauko ƙasa da shi za mu buɗe kasuwa, ga wanda in sun haura shi za mu sake rufewa. An riƙa ba mu alƙaluman waɗanda suka kamu da waɗanda suka warke, wannan kam an yi. Abin da talaka bai ji ba shi ne wace lamba ce za ta buɗe masa ƙofa. Shi ya sa ba ya iya lissafi. Bai san ko ya ci jarinsa kaɗan-kaɗan ba, ko ya sayar da akuyar da ke ɗaure a gida, ko ya tura iyali ƙauye in ya sami hanya.

Ga kuma batun doka. Sashe na 305 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi yadda ake kafa dokar ta-ɓaci: Shugaban Ƙasa ne ke ayyanawa, dole Majalisar Tarayya ta amince da rinjayen kashi biyu cikin uku, kuma bayan wata shida ta faɗi da kanta sai in an sake zama an sabunta. Waɗanda suka rubuta shi sun san cewa ikon da aka ɗauka lokacin tsoro yana da wuyar ajiyewa. Kullen Kaduna na 2020 bai bi ta wannan hanya ba. An dogara ne da Dokar Killacewa ta 1926 da dokar kiwon lafiyar jama'a da muka gada tun 1917, dokokin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta lokacin da ba a tambayar talaka ra'ayinsa. A ƙarƙashinsu sa hannun ɓangaren zartarwa ya wadatar. Ban ce an karya doka ba. Amma muna da 'yan majalisa 34 a Lugard Hall, waɗanda muka zaɓa daga Birnin Gwari zuwa Sanga. Me zai hana duk wani ƙari da ya wuce kwana 30 na farko a kai musu, kwamishinar lafiya ta tsaya gabansu ta amsa tambayoyi, su kaɗa ƙuri'a kowa da sunansa? In ƙarin ya dace, gwamna ya sami abokan ɗaukar nauyi. In bai dace ba, an sami mai taka birki.

Wanda yake ganin wannan surutun lauyoyi ne, ya tuna kasuwar wucin gadi a ranar da ake buɗe gari. An rufe manyan kasuwanni irin ta Sheikh Abubakar Gumi, aka ce a ci kasuwa a filayen makarantun unguwa. Niyyar mai kyau ce. Amma cefanen mako guda na unguwa guda a cikin 'yan sa'o'i, me ake tsammani? Mata sun yi dafifi a kan mai tumatur, kafaɗa na gogar kafaɗa, takunkumi ya sauko ƙarƙashin haɓa saboda zafi da ciniki. Mai awo na zuba shinkafa a mudu da hannu ɗaya, ɗaya hannun na karɓar kuɗi daga mutum biyar. Tazarar da aka rufe gari dominta, a ranar buɗewa ake rusa ta. Ƙara ranakun zuwa uku amincewa ce da wannan, kuma na yaba, sai dai da ɗan majalisar Tudun Wada ko na Kawo ya sami damar faɗin haka a zaure tun watan Afrilu, da ba a kai ƙarshen Mayu ba.

Sannan nauyin kulle ba daidai yake sauka a kan kowa ba. Ma'aikacin gwamnati, ko an taɓa albashinsa, ya san ƙarshen wata wani abu zai shigo. Mai shayi a Rigasa, da tela a Unguwar Sanusi da Sallah ta wuce shi keke na rufe, da direban Keke Napep da mai keke ke jiran balas a wurinsa, su hannu baka hannu ƙwarya ne. An raba tallafin abinci, amma tambayi layinku gida nawa ya shiga. Wanda yunwa ta fitar kuwa, a lokacin kotun tafi-da-gidanka na jiran sa da tara. A kan hanyoyin shiga jiha kuma kowa ya ji labarin yadda na goro ke ɗage shinge, har sai da gwamnati ta tura manyan jami'anta su tsaya da kansu.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A tsakiyar Afrilu Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce mutum 18 ne jami'an tsaro suka kashe a faɗin Najeriya cikin makonni biyun farko na kulle, 12 daga ciki a Kaduna. A lokacin adadin ya fi na waɗanda cutar kanta ta kashe a ƙasar. Duk takardar da za a sa wa hannu a ƙara kwanaki, ya kamata ta zo da bayanin inda aka kwana a kan waɗannan rayuka.

Na san amsar da za a ba ni: cuta ba ta jiran zaman majalisa, kuma in aka saki gari aka fara kwasar gawa, mu ɗin nan masu rubutu mu za mu fara zagi. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a ɗaure wa gwamna hannu a ranar farko ba. Ya rufe nan take in haɗari ya taso. Amma ranar ƙarewar wa'adi ba ta zo wa kowa ba zato, tun ranar da aka sa hannu aka san ta.

Wa'adin wannan ƙarin shi ne 9 ga Yunin 2020. Kafin ranar, kamata ya yi Gidan Sir Kashim, wato fadar gwamnatin jiha, ya fitar da sharuɗɗan buɗe kasuwa da masallaci da coci a rubuce, da Hausa da Turanci, a karanta a rediyo. Majalisar jiha kuma ta fara aikin sabuwar dokar kiwon lafiyar jama'a wadda za ta ƙayyade kwanakin da gwamna zai iya rufe gari shi kaɗai, ta wajabta tallafin abinci kafin a rufe, ta kuma faɗi inda wanda aka ci wa zarafi a shinge zai kai ƙara.