Ku ƙyale yaron nan da kwalinsa

Tun jiya nake danne abin nan a raina, amma ya ƙi dannuwa. Wani yaro ɗalibi ya ɗora hoton ɗakinsa a intanet, ɗaki ɗaya tal da yake haya a bayan makaranta, ya nuna teburin karatu da kantar littattafai da 'yar kujera da ya haɗa da hannunsa da kwali, sai ga manya da gemunsu sun yi masa caa. Wannan ya ce a yi masa karo-karo ya sayi katako. Wancan ya ce ranar da aka yi ruwan farko sai dai a kwashe kayan da tsintsiya. Wata ta ce Allah ya raba ta da miji mai kayan kwali. Har da wanda ya kira shi matsiyaci. Matsiyaci fa! Yaron da bai roƙi kowa sisi ba, bai ci bashin kafinta ba, ya zauna da reza da gam da ma'auni ya fitar da kansa. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Ni abin da na gani a hoton nan daban ne. Na ga fili. Na ga ɗakin da mutum zai shimfiɗa darduma ya yi sujada ba tare da goshinsa ya bugi ƙafar gado ba. Ku da kuke dariya, ku faɗa mini tsakani da Allah, ɗakunanku nawa ne suke da wannan filin?

Ciwonmu guda ne, kuma shi zan yi ta maimaitawa har ku gaji da ni: mun ɗauka nauyi shi ne daraja. In ƙarti huɗu ba su yi nishi kafin su ɗaga kaya ba, to a wurinmu ba kaya ba ne. Muna sayen kayan ɗaki don idon baƙo, ba don jikin mai kwana a ɗakin ba.

Ku yi lissafin da kanku. Ɗakin haya da yawa ƙafa goma ne a kan goma, in an ci sa'a sha biyu a kan sha biyu. Gadon da muke yayi shida ne a kan shida. A ɗakin goma-goma, gado kaɗai ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ba a sa sif ba, ba a sa madubi da durowarsa ba, ba a sa 'yan akwatunan gefen gado ba. Me ya rage? Siririyar hanya da za ka bi a karkace kamar ɓarawo.

Na gani da idona ranar jeren ƙanwata. Ciki da falo ne aka kama musu, a cikin lungu, inda mota ba ta shiga. A bakin titi aka sauke kaya, aka yi ta jido a ka. Da aka zo kan sif, ya ƙi shiga. Aka juya shi a tsaye, aka kwantar da shi, aka karkata, ina! Kafinta ya share gumi ya dube ni ya ce, "Alhaji, sai dai a cire ƙyauren, in bai shiga ba kuma a rage masa kai." Aka cire ƙyaure, aka fasa gefen bango, ƙarshe sai da aka sa zarto aka yanke kan sif ɗin da mahaifinmu ya sayar da shanu biyu kafin ya biya. Ina tsaye ina kallon garin katako yana zuba a kan sabuwar leda. Bayan sati guda na je gaishe ta, ta kawo mini ruwa, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, a falo nake salla, tsakanin kujeru. Ɗakin babu wuri." Amarya ke nan, a ɗakin da aka kashe dukiya don a fita kunya. Shekara ba ta rufa ba mai gida ya ƙara kuɗin haya, suka tashi. Sif ɗin bai kai sabon gida da rai ba, a hanya bayansa ya ɓalle.

To wanne ne kayan tsiya a nan? Wanda ya ci shanu biyu ya hana salla a ɗaki, ko wanda yaro zai naɗe ya saɓa a kafaɗa ya hau adaidaita sahu ranar tashi?

Kuma ku da kuke cewa takarda ba ta ɗaukar nauyi, kun taɓa shiga sito a kasuwar Singa? Ku je ku ga yadda ake jibge katan-katan na taliya da sabulu har rufi. Na ƙasa shi ke ɗauke da na sama duka. Ku yaga gefen kwali ku duba cikinsa. Falle uku ne: shimfiɗaɗɗe a waje, shimfiɗaɗɗe a ciki, sai na tsakiya mai lanƙwasa kamar kwanon rufi. Wannan lanƙwasar ita ce sirrin. In ka kwantar da kwali ka taka, zai lotse. In ka tsayar da shi yadda ramukan nan suke kallon sama, ka manna falle goma ko ashirin wuri guda, to ƙato zai zauna a kai bai motsa ba. Abin da yaron nan ya gane ke nan, ku kuma da digirorinku ba ku gane ba. Na ƙara girman hoton na duba ƙafafun teburin nasa, a tsaye ya jera su, daidai yadda ya kamata.

Ba shi ya fara ba, kuma waɗanda suka fara ba matsiyata ba ne. A gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, 'yan wasan duniya a kan gadajen kwali suka kwana, kusan gado dubu 18, kamfanin Airweave na Japan ne ya yi su, kowanne an yi shi ya ɗauki kilo 200. Da surutu ya yi yawa cewa gadon ba zai jure ba, wani ɗan wasan ƙasar Ayalan, Rhys McClenaghan, ya hau kai ya yi ta tsalle a gaban kyamara, gado ko gezau. Da aka zo Faris a 2024, gadon kwalin aka sake shimfiɗa musu. Ƙarti masu ɗaga ƙarfe da 'yan kokawa sun kwana a kai, amma ɗalibin da bai fi kilo sittin ba shi ne zai karya kujera?

Akwai kuma wani mai zanen gine-gine ɗan Japan, Shigeru Ban, wanda labarinsa yake taɓa ni ƙwarai. Bayan kisan kiyashin Ruwanda na 1994, an ba 'yan gudun hijira tamfol da sandunan alminiyom don su kafa tanti. Mutane na cikin yunwa, sai suka riƙa sayar da alminiyom ɗin, su shiga daji su saro itace su kafa da shi. Daji ya fara ƙarewa. Mutumin nan ya kawo shawarar a yi sandunan da naɗaɗɗiyar takarda, irin bututun da ake naɗe yadi a jikinsa, wanda muke gani a yashe a Kantin Kwari. Ba shi da tsadar da za a sayar, kuma yana riƙe tanti. A 1995 girgizar ƙasa ta rushe birnin Kobe, ya gina wa waɗanda suka rasa muhalli ƙananan gidaje da bututun takarda, harsashinsu kuwa akwatunan kwalabe ne da aka cika da buhunan yashi. A Christchurch ta ƙasar Niyuzilan, bayan girgizar ƙasar 2011 ta lalata babbar majami'arsu, ya gina musu wata da manyan bututun kwali, aka buɗe ta a 2013, tana ɗaukar mutum wajen 700. A 2014 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda babu kamarta a wannan sana'a. Mutum ya rufa wa dubban bayin Allah asiri da takarda, duniya ta karrama shi. Namu ya yi tebur, mun ce masa matsiyaci. Da a Maiduguri ko Gusau wani ya yi wa 'yan gudun hijirarmu irin wannan tunani, ko da na gadon da zai ɗaga tsohuwa daga kan siminti mai sanyi ne, ai da mun gode Allah.

Na san abin da za ku ce, ruwa. Kullum ruwa. To, gadon naku na garin katako da aka matse aka lulluɓe da leda mai sheƙi, shi ruwan yana jin tsoronsa ne? Wa bai taɓa ganin ƙafar sif ta kumbura tana marmashewa kamar burodi ba bayan damina ɗaya? Shi ma gari ne da gam, sai dai ya fi nauyi ya fi tsada. In rufinka na zuba, rufi za ka gyara. Kwali ana shafa masa fenti ko banish, a ɗora ƙafafunsa a kan abin da zai raba shi da ƙasa, shi ke nan. Gara? Garar da ta cinye azara da ƙyauren gidan kakanninmu yau ce za ta zama hujja a kan kwali kaɗai? Wuta kuwa, katifar soso da labulen leda da ke ɗakinka ba su fi shi imani ba. Kowa ya san ba a ajiye kurfoti ko kyandir kusa da su. Waɗannan duk ba hujjoji ba ne, neman mafaka ne.

Ban ce zai shekara ashirin ba. Ba zai yi ba, kuma ba a yi shi don haka ba. Ɗalibi shekara huɗu zai yi ya tafi. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya. Ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki, da magidancin da bai san ko mai gida zai sabunta masa haya baɗi ba, me za su yi da kayan da jikoki za su gada? Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ya gina gidansa na kansa, falo kamar filin ƙwallo, ya je ya sa a sassaƙa masa maɗaci, Allah ya sanya alheri, ba da shi nake ba.

Abin da ma zai ba ku mamaki, da yawanku kuna zaune da takarda a gida ba ku sani ba. Ƙofofin nan marasa nauyi na cikin gida, waɗanda in ka ƙwanƙwasa za ka ji kamar ganga, da yawansu in aka fasa takarda ce a ciki, an saƙa ta kamar saƙar zuma. Har shahararren teburin nan mai suna Lack na IKEA, kamfanin kayan ɗaki na waje, haka cikinsa yake. Da an lulluɓe an sa farashi mai tsada, sai ku ce kayan waje ne. Da ɗan unguwarku ya bar shi a fili, sai ya zama abin kunya. Nauyi da sheƙi kawai muke bauta wa.

Ga kuma maganar itace, wadda ita ce take sa ni baƙin ciki na gaske. Mu da hamada take bin mu a guje, mu ne ya kamata mu fi kowa jin zafin kowace bishiya. Ku tambayi mutanen Taraba yadda aka yi wa madobiya, wadda masu sara suke kira Madrid. Tirela bayan tirela aka yi ta lodi ana kai wa tashar jirgin ruwa zuwa Sin, don a yi kujerun alfarma, har sai da aka sa bishiyar cikin jerin waɗanda duniya ta taƙaita cinikinsu. Na san takarda ma daga itace take. Amma kwalin da yaron nan ya yi aiki da shi ya riga ya gama aikinsa na farko, ya kawo firiji ko talabijin daga wata uwa duniya. Da bai ɗauka ba, ko a cinna masa wuta a bakin layi mu shaƙi hayaƙin, ko ya toshe kwata ruwa ya shigo mana gida a watan Agusta. In teburin ya gaji kuma, 'yan jari-bola za su saya a kilo, a jiƙa a sake yin wani kwalin. Sif ɗin ƙanwata fa? Ko mai ƙosai ba ta so shi ba, ta ce hayaƙinsa wari yake.

Kuma don Allah yaushe muka zama haka? Ɗakin kakata gadon kara ne a ciki, sai tabarmar kaba, sai adudu da take ajiye tufafinta, sai 'yar kujerar tsugunno. In za ta share ɗaki, da hannu ɗaya take jan gadon ta fitar da shi rana, kuɗin cizo ma bai samu wurin zama ba. In ya tsufa, bayan kaka a yanko sabon kara a ɗaure wani, tsohon a hura wuta da shi. Wasu da tukurwa suke yi, mara nauyi, ga ƙarko. Ba wanda ya taɓa ce mata matsiyaciya, ta haifi goma ta aurar da su, mutuncinta a cike har ta koma ga Allah. Abin da Turawa da Japanawa suke ta bincike a kai yau, kaya mara nauyi da ƙasa za ta iya cinyewa, mun riga su. Mu muka yar, muka rungumi garin katako.

Kai kuma ƙanena mai kwali, in wannan rubutu ya iso gare ka, kada ka goge hoton nan. Ka nemi kwalin firiji ko na janareto, mai ninki biyu, ya fi na taliya ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka samu kafinta mai sauƙin kai ya nuna maka yadda ake haɗa kusurwa. Ina son kanta mai hawa huɗu, ta littattafai, zan biya kuɗinta yadda ka yanke, kuma a falo zan ajiye ta inda kowane baƙo zai gani.

Af, tunda maganar ƙyaure ta shigo, masu gina gidajen haya, ku ji tsoron Allah. Ta yaya za ka karɓi kuɗin shekara cur a hannun mutum, ka ba shi ɗaki da taga ɗaya kamar ramin kurciya, ita ma tana kallon bangon maƙwabci? Na shiga wani a watan Afrilu da rana tsaka, minti biyar ban yi ba rigata ta jiƙe sharkaf, ga jariri a kwance ana yi masa fifita da murfin kwali. Na tambayi dillalin me ya hana a faɗaɗa tagar, ya ce mai gidan ya ce ƙarfen taga ya yi tsada.