Bawan Doki

Kun dai san ɗan Baffa ya samu aikin nan na kula da hanya, su da ake kira mashal, aka haɗa masa walima ranar Asabar a ƙofar gida. Ni cewa aka yi in gode wa baƙi in zauna. Rawar kai ce ta ce mini in tsakuro wa jama'a asalin kalmar.

Kuma shirina tsaf yake, hawa uku na rubuta a bayan katin gayyata. Hawa na farko, Turawan Ingila aro kalmar suka yi daga tsohon Faransanci, Faransawa kuma daga harshen kakannin Jamusawa, inda marah ke nufin doki, skalk kuma bara ko bawa. Wato mai zuba wa doki ciyawa, ya share barga, ya duba kofato. Har gobe a Faransanci mai sa wa doki takalmin ƙarfe da wannan suna ake kiransa. Hawa na biyu, a wancan zamani doki shi ne tankar yaƙi, wanda ke riƙe da bargar sarki shi ya san dawaki nawa za su iya fita. Daga nan ya zama mai jera mahaya, daga nan jagoran runduna. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne, ga Shamaki ga Madawaki, duk ta kan doki suka shiga fada. Hawa na uku shi ne kirarin: William Marshal da ya riƙe wa yaro ɗan shekara 9, Sarki Henry na uku, mulkin Ingila a 1216, sai mutum 18 da Napoleon na Faransa ya naɗa mashal a 1804, sai Idriss Déby na Chadi da aka ba muƙamin a 2020. Sai in ce ga namu ya shiga sahu, a yi tafi.

Na karɓi makirufo, na gyara hula, na ce, “Jama'a, wannan muƙami da ɗanmu ya samu, asalinsa bawan doki ne, mai kwashe kashi...” sai aka ɗauke wuta. Kalmar kashi ce ta ƙarshe da lasifika ta kai har bakin titi, kuma da amsa-kuwwa. Na ci gaba da magana, baki na motsi, ba mai ji sai layin gaba, layin gaba kuwa Baffa ne da abokan aikin yaron cikin kaki mai guga. Ɗaya ya ajiye cokalinsa a hankali. Na buga makirufo a tafin hannu, na hura masa iska, na sake bugawa. Yaron da ke jan igiyar janareto ya tsaya yana kallona kamar ni ne kallon.

Can Goggo ta ɗaga labulen zaure. “Kai ɗan nan, mu kaf zuriyarmu babu bawa. Ko can dangin uwarka ne?”

Na ce, “Goggo, ki yi haƙuri in ƙarasa, saura hawa biyu.”

Ta ce, “Ka hau ina kuma?”

Amma duk wannan bai ƙona mini rai ba kamar tsohon ɗan sandan nan na bayan layi, kun san shi, mai zuwa kowace walima da leda a aljihu. Ya yi dariya har da riƙe ƙafar kujera, yana ta maimaita “bawan doki” ga waɗanda ba su ji ba. Mutumin da ya daɗe yana kwanstabul kafin ya ga igiya! Ai nasa ma daga barga ya fito, comes stabuli da Latinanci, hakimin barga. A Faransa mai wannan muƙami shi ke jagorantar sojojin sarki gaba ɗaya, har aka soke shi a 1627. Da Robert Peel, ministan cikin gida na Birtaniya, ya kafa 'yan sandan Landan a 1829 kuwa, sai sunan ya sauka a kan mafi ƙanƙantar muƙami. Mashal daga barga ya hau sama, shi nasa daga sama ya gangaro. Wannan amsar sai ƙarfe biyun dare ta zo mini, ina kwance.

Da janareto ya tashi, makirufo hannun liman aka miƙa. Katin yana nan a aljihun babbar riga, an ma wanke shi da shi.