Lamba kawai suka rubuta wa ɗana

Wallahi abin da wasu cibiyoyin gwaji a Jidda suke yi wa iyayen yara masu raunin fahimta ya isa haka nan. Ka zuba riyal masu kauri, ka daɗe kana jiran layi, daga ƙarshe a miƙo maka takarda ɗaya da lamba a jiki, a ce an gama. Yadda za ka yi da yaron gobe da safe kuwa, wannan ruwanka ne.

Ɗana shekararsa tara. Hausa muke yi masa a gida, Larabcinsa bai wuce na gaisuwa ba. Amma da Larabci aka yi masa gwajin basira tun daga farko har ƙarshe. Matar da ke yin gwajin ta nuna masa hoton cokali ta ce ya faɗi sunansa. Ya juyo ya kalle ni, ya ce “cokali” a hankali. Ina gani ta ja masa alamar faɗuwa. Na ce, “Baiwar Allah, ai ya sani, da harshenmu ya faɗa.” Ta ce ƙa'ida ba ta yarda uwa ta sa baki ba. To ƙa'idar ce ta yarda a auna yaro da yaren da ba ya ji?

Ban taɓa musun lalurar ɗana ba. Ni nake yi masa wanka, ni nake ɓalla masa maɓallin riga. Sai dai lambar basira da ta gaza 70, wadda ake ɗauka alamar raunin fahimta, ba za ta gaya wa malamar aji cewa yana cin abinci da kansa amma ba a barinsa ya tsallaka titi ba, ko cewa in aka canza masa wurin zama sai ya toshe kunnuwa ya wuni bai ce uffan ba. Su kansu masanan sun yarda lambar basira ita kaɗai ba ta isa, sai an duba yadda yaro ke tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum.

Abin da ya fi ƙona min rai, ma'aunin da ya dace yana nan. Ƙungiyar AAIDD ta Amurka, ta masana raunin fahimta, ta fitar da SIS-C, ma'aunin yawan taimakon da yaro ke buƙata, a 2016 domin yara 'yan shekara 5 zuwa 16. Ana zaunar da waɗanda suka san yaron sosai, kamar uwa da malami, a bi fannoni bakwai: zaman gida, unguwa, harkokin makaranta, karatu, lafiya da kariya, hulɗa da mutane, da neman haƙƙinsa. A kowane abu sai a tambaya wane irin taimako yake buƙata, sau nawa, kuma lokaci nawa yake ci a rana. Tuni da baki ya ishe shi, ko sai an kama hannunsa an yi tare? Irin wannan amsar ce makaranta za ta yi aiki da ita. Ni ko tambaya ɗaya mai kama da haka ba a yi min ba, alhali ina zaune a ɗakin.

Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2008, ta kuma kafa hukumar kula da su a 2018. Ashe bai kamata cibiyar da ke karɓar kuɗin jama'a ta yi aikin da ya dace da wannan ba?

Da na kai takardar makaranta, malamar ta karanta, ta ɗago kai ta ce, “Hajiya, to me za mu riƙa yi masa?” Ni ce na zauna da dare na rubuta mata yadda ake kai shi banɗaki da abin da ke tayar masa da hankali, maƙwabciyata ta mayar min da shi Larabci. Aikin da muka biya a yi mana ke nan. Na koma cibiyar na gaya musu ko dai su sake gwajin da tafinta mai jin Hausa, su zauna da ni da malamarsa, ko su dawo min da kuɗina. Har yanzu cewa suke mai kula da sashen ba ya nan.