Idan Wanda Kuke Cin Tuwo Kwano Ɗaya Ya Ci Amanarka

'Yan'uwana cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma duk wanda amini ya taɓa ci wa amana ya san gaskiyar wannan magana, domin baƙo bai san inda ka ajiye sirrinka ba. Sarki Dauda ya ɗanɗana wannan ɗaci sa'ad da mashawarcinsa Ahitofel ya koma bayan Absalom, ɗan Dauda da ya yi masa tawaye. A Zabura 55:12-14 kuwa ya yi kuka cewa da maƙiyi ne ya wulaƙanta shi, da ya jure, amma abokinsa ne na ƙud da ƙud, wanda suke shiga gidan Allah tare cikin taron masu sujada.

Shekara uku da suka wuce na faɗa wa wani aminina, wanda muke ƙungiyar mawaƙa ɗaya a majami'a, wata damuwa ta cikin gidana domin ya taya ni da addu'a. Ba a yi mako biyu ba sai na tsinci maganar a bakin mai shagon unguwarmu, har an ƙara mata gishiri. A daren nan na rubuta habaici sau uku zan sa a WhatsApp, ina gogewa, hannuna yana rawa. Ni ma na san sirrinsa, kuma akwai masu zuga ni cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Abin da ya riƙe hannuna shi ne kalma ɗaya a Matiyu 26:50. Yahuza, ɗaya daga cikin almajiran Yesu, ya riga ya yi cinikin bashe shi a kan azurfa 30, ya zo lambun Getsamani da taron masu takuba da kulake, ya sumbaci Ubangiji, amma Yesu ya kira shi "Aboki." Shi da ya san kome tun da farko, a daren nan ne ya ɗaura tawul a ƙugu ya wanke ƙafafun almajiransa, ya kuma tsoma loma ya miƙa wa mai bashe shi. Na yi ta tambayar kaina, ina bin wannan Ubangiji, da wane baki zan tona asirin ɗan'uwana a bainar jama'a?

Matiyu 18:15 ya nuna hanyar a fili, wato ka je wurinsa, ka nuna masa laifinsa tsakaninka da shi kaɗai. Yawancinmu mun fi son kai ƙara ga kowa ban da mai laifin, kuma a ganina wannan ne yake raba zumunci a ikilisiyoyinmu fiye da laifin na farko. Sakayya kuwa ta Allah ce, kamar yadda Romawa 12:19 ya faɗa.

Sai dai kada wani ya ɗora maka nauyin da Littafi Mai Tsarki bai ɗora ba. Gafara wajibi ce, amma mai da amana yana bukatar lokaci da tuba ta gaskiya. A 2 Timoti 4:14-16 Bulus ya bar Iskandari maƙerin tagulla a hannun Ubangiji, duk da haka ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi, sa'an nan ya roƙa kada a ɗora laifi a kan waɗanda suka yashe shi ranar da ya fara kāre kansa a gaban shari'a.

Da ranar Lahadin da za a ci Jibin Ubangiji ta gabato, na ga ba zan iya miƙa hannu ga gurasar ba alhali zuciyata cike take da ƙiyayya, don haka da yammacin Asabar na tafi gidansa. Muka zauna a kan benci a ƙofar gida. Da farko ya musa, daga baya ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini, bakina ne ya cuce ni." Na yafe masa, muka yi addu'a tare. Har yau ban sake ba shi ajiyar sirrina ba, amma muna tsayawa layi ɗaya muna raira waƙa, kuma kowace safiya ina ambaton sunansa da na 'ya'yansa a gaban Allah.