Ba kowane jini a bayan gida ne basir ba

Duk wanda ya ratsa kasuwa ko tashar mota a Damagaram ya san muryar nan da ke fita ta lasifika tana tallar maganin basir, mai tsiro da marar tsiro, a cikin gorunan roba da ƙullin leda. Kalmar basir ta zame mana buhun da muke cusa kowace cuta da ta shafi dubura, kuma a ganina wannan sabo yana cinye rayukan da aikin tiyata zai iya cetowa da an zo da wuri.

Dubura ita ce ƙarshen babban hanji, tsawonta bai wuce santimita 12 zuwa 15 ba, kuma ciwon daji yakan tsira a jikin bangonta ya yi ta girma a hankali. Alamunsa na farko suna kama da na basir, amma akwai bambancin da ya kamata kowa ya riƙe: jini da ke cakuɗe da bayan gida ko da majina, yawan jin yunƙuri alhali babu abin da ke fitowa, sauyin yanayin bayan gida na makonni, da rama wadda ba a san dalilinta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gwajin farko ba ya buƙatar na'ura. Likita ya sa safar hannu ya duba da yatsa, cikin minti ɗaya zai iya taɓa ƙarin da ke kusa da baki. Kunya ce ke hana majinyaci yarda, wani lokaci kuma ita ke hana ma'aikacin lafiya nema, sai a rubuta magani a sallami mutum.

Na ga haka a kan ƙanen mahaifina, manomi daga wajen Mirya, wanda ya yi damina biyu yana shan jiƙo kafin ya yarda a kawo shi birni. Da likita ya gama bayani cewa ƙarin ya kama naman da ke riƙe bayan gida, don haka za a cire shi a fito da hanji ta gefen ciki a manna jaka, sai Baffa ya yi shiru yana murza hularsa a kan gwiwa. Bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi ko zai rayu ba. Cewa ya yi: "To likita, yaya zan yi da salla?"

Wannan tambaya ba jahilci ba ce, kuma duk wanda ya raina ta bai san mutanenmu ba. Tana da amsa a fikihu, domin malamai suna kiyasta mai irin wannan jaka da mai lalurar yoyon fitsari, wanda abin da ke fita ba da ikonsa ba bai hana shi salla ba. Da a ce limamanmu na Birni da Zango da Sabon Gari suna faɗin haka a bainar jama'a, da mutane da dama ba su sulale daga asibiti ana gobe aiki ba. Ya kamata kuma a san cewa ba kowa ne ke ƙarewa da jaka ba. Idan ƙarin yana can sama, likitan tiyata yakan yanke ɓangaren da ya kamu tare da kitsen da ke kewaye da shi, ya haɗa hanjin, wata jakar kuma ta wucin gadi ce da ake rufewa bayan 'yan watanni. Jinkiri ne ke rage wa likita zaɓi, har a kai matakin da cutar ta bazu zuwa hanta.

Haka zancen yake game da ƙurjin da ke tara mugunya a gefen dubura ko a cikin ciki. Mugunyar da ta taru ba ta jin ƙwayoyi su kaɗai, sai an buɗe an fitar da ita a wuri mai tsabta, ba da askar wanzami ba, musamman ga mai ciwon suga.

Sai dai rashin adalci ne a ɗora laifin duka a kan majinyaci. Babban Asibitin Ƙasa na Zinder yana da likitocin tiyata, Jami'ar André Salifou kuma tana horar da sababbin likitoci, amma yawancin ƙarin da ya yi girma yana buƙatar gashi da na'ura kafin a yi aiki, don ya motse. Cibiyar da ke yin wannan gashin, wadda ta soma aiki a 2021, tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Mutumin Magarya ko Tanut da aka tura can sai ya sayar da tumaki ko ya jinginar da gona, ya nemi masauki na makonni shi da mai jinyarsa. Tun 2006 ƙasarmu Nijar ta soma tsarin jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu haihuwa ta tiyata, daga baya aka haɗa da ciwon daji na mata, abin da ke nuna cewa idan hukuma ta ɗauki cuta da muhimmanci takan samo hanya. Ban ga dalilin da zai sa a bar ciwon daji na hanji a waje ba.

Akwai kuma abin da ba sai an jira babban kasafi ba. Bayan an sallami Baffa, samun jakunkunan ne ya fi ba mu wuya, har wata rana na tarar ya ɗaura leda da filasta, fatar wurin ta yi ja tana saɓulewa. Hukumomin lafiya na jihar Damagaram za su iya tabbatar da cewa ana samun waɗannan jakunkuna a kantunan magani na asibitoci a farashi mai sauƙi, a kuma ware ma'aikacin jinya ko da guda ɗaya wanda zai koya wa majinyaci da iyalinsa yadda ake sauya su kafin su koma ƙauye.